Maɓallin da Ya Daina Amsawa

Ƙannena masu zaman shagon gyaran kayan lantarki, da ku da kuke kwana a situdiyo kuna haɗa kiɗa, ku ba ni aron hankalinku a kan wani ƙaramin abu da nake ganin ana yi wa riƙon sakainar kashi. Tsohuwar na'urar kiɗa ba kasafai take fara mutuwa ta wajen murya ba, ta wajen maɓallan fuskarta take farawa. Ba farare da baƙaƙen da ake kiɗa da su nake nufi ba. Ƙananan nan nake nufi, waɗanda ke jere a sama kusa da gilashin rubutu, da su ake zaɓar sauti, a shiga shafi, a fita, a adana aiki. Za ka tarar da fiyano mai shekara talatin da ɗoriya, sautinta garau, amma maɓallin canja sauti sai an danna sau uku yake amsawa, wani kuma da an taɓa shi sau ɗaya sai ya tsallake lamba biyu. Mai ita ya ƙara ƙarfin yatsa. Daga yatsa ya koma farce, daga farce ya koma kan biro, har wata rana robar ta fashe ko ta faɗa ciki. Daga nan sai a jingine ta bayan ƙofa a ce ta mutu, alhali abin da ya gaji a cikinta bai wuce milimita 6 a faɗi ba, kuma shi ne mafi arha a duk kayan cikinta.

Kafin mu ɗauki sukudireba, ku san darajar abin da ake kawo muku. A 1983 kamfanin Yamaha na Japan ya fitar da DX7, wadda aka gina a kan wata dabarar haɗa sauti da John Chowning ya gano a Jami'ar Stanford ta Amurka a ƙarshen shekarun 1960. Wannan na'ura ta cika waƙoƙin duniya na shekarun 1980 da sautinta mai kama da ƙararrawa. A 1984 Roland ya fitar da Juno-106, a 1987 ya biyo da D-50. A 1988 Korg ya kawo M1, wadda ta haɗa sautuka da ganguna da wurin naɗar kiɗa mai layi 8 a jiki guda, aka yi ta ƙera ta har 1995, kuma ana ƙiyasta an sayar da kusan 250,000. Duk waɗannan an daina yin su tuntuni. Abin da ya rage a duniya shi ke nan, kullum raguwa yake, kuma wasu daga ciki suna gangarowa wajenmu cikin kayan gwanjo, ta kasuwar Alaba a Legas ko ta Sabon Gari a Kano. Mu ma muna da namu tarihin da irin waɗannan na'urori. A Yamai, Mamman Sani ya naɗi kaset ɗinsa na 1978 da ogan ƙirar Orla ta Italiya, aka daɗe ana jin kiɗansa a rediyo da talabijin na Nijar, har kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi ga duniya a 2013. A Kano kuwa, da yawa daga cikin waƙoƙin finafinan Hausa da suka tashe mu tun shekarun 1990, a kan fiyanon Yamaha jerin PSR aka haɗa su. Saboda haka in aka ajiye maka irin wannan a kan tebur, ba tarkace aka kawo maka ba.

Ga abin da nake so ya zauna muku a rai tun yanzu, domin duk sauran bayanin a kansa yake tafiya. Makunnin da ke ƙarƙashin maɓallin, wanda shi ne yake lalacewa, ana sayar da shi, har yau kamfanoni irin su Alps da Omron da Panasonic suna ƙera shi. Allon da makunnin yake zaune a kai ba a sayar da shi, an daina buga shi tun kafin a haifi yawancinku. Haka robar maɓallin da ke sama, mai ɗauke da rubutu ko launi, ita ma babu ta a kanti. Aikin nan dai cire abu mai arha ne daga tsakiyar abubuwa biyu da ba su da madadi, kuma a nan ne mai gaggawa yake rasa ido garin neman gira.

Ka samu mataccen makunni guda, ka ɓalle murfinsa na ƙarfe da bakin reza, ka duba cikinsa a haske. Za ka ga ɗan sanda na roba, a ƙarƙashinsa kuma wani siririn faifan ƙarfe mai doro, kamar ƙwarya a kife. Gefen faifan yana zaune a kan ƙarfe ɗaya, tsakiyarsa tana rataye a saman wani ƙarfen. In an danna, doron ya lotsa ya taɓa na tsakiya, wuta ta wuce, ka ji ɗan ƙas ɗin nan a yatsa. In an saki, ya koma yadda yake. Iyakar sirrin ke nan. An shafa wa wuraren haɗuwar azurfa, ita kuwa azurfa tana yin baƙi in ta daɗe tana shan iska, musamman iskar da ke ɗauke da hayaƙi. Ka dubi tsakiyar tsohon faifan, za ka ga ɗigon baƙi daidai inda ya kamata wuta ta bi. Ƙura ta shiga, gumin yatsa ya gangara, faifan kuma ya gaji da lanƙwasa, domin masu ƙera shi ma sun ƙayyade masa adadin dannawa, galibi daga 100,000 zuwa sama gwargwadon irinsa. Shi ya sa maɓallan da aka fi taɓawa suke fara tafiya. A M1 za ka ga na ƙara lamba da rage ta, da na juya shafi, da jerin nan na A zuwa H da ke ƙarƙashin gilashi, su ne kan fara gardama.

Tsallaken lamba kuwa ga dalilinsa. Ko sabon makunni in ya haɗu yana ɗan karkarwa na wani ɗan lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma an koya wa ƙwaƙwalwar na'urar ta yi watsi da wannan. Amma in wurin haɗuwar ya yi datti, karkarwar takan yi tsawo har ƙwaƙwalwar ta ɗauka dannawa biyu aka yi. Wanda bai san haka ba sai ya ce manhajar na'urar ce ta rikice.

To amma kada ka ji an ce maɓalli ba ya aiki ka kama ƙarfen dalma nan take. Zauna da na'urar a kunne, da takarda da biro, ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya kana rubuta wanda ke amsawa, da wanda sai an matsa, da wanda ya yi shiru gaba ɗaya. Sannan ka dubi takardar da kyau. In matattun a warwatse suke, kuma su ne waɗanda aka fi amfani da su, to makunnai ne. In kuwa ka ga rukuni guda sun mutu tare, shida ko takwas, har da waɗanda ba a cika taɓawa ba, dakata. Masu ƙera waɗannan na'urori ba sa ja wa kowane maɓalli wayarsa zuwa ƙwaƙwalwa. Jera su suke yi a layuka na tsaye da na kwance, ta yadda waya 16 za ta ishi maɓalli 64, ƙwaƙwalwar tana zagaya layukan da sauri tana duba inda aka haɗu. Layi guda ya yanke, duk maɓallan da ke kansa sun tafi. A irin wannan, laifin yana ga tsagewar hanyar tagulla a allo, ko bakin waya da ya saki, ko dalmar da ta tsage a ƙafar soket, wani lokaci kuma ai-sin da ke karanta layin. Za ka iya canja makunnai duka ka mayar da murfi ka tarar ba abin da ya sauya. Haka nan in mai Juno-106 ya ce maka yana kiɗa sai wani sauti ya riƙa ɓacewa a duk bugu na shida, wannan ba ruwan maɓalli. Na'urar muryoyi 6 gare ta, ɗaya ce ta mutu, kuma sanannen ciwonta ne da ke fitowa daga ai-sin 80017A.

Mita ce za ta raba maka gardama. Sa ta a awon om, ka ɗora bakunanta a ƙafafun makunnin, ka danna a hankali kamar yadda mai kiɗa zai danna. Lafiyayyen makunni zai faɗo ƙasa da om 1 nan take ya tsaya cik. Gajiyayye zai nuna gommai ko ɗaruruwa, lambar tana rawa, sai ka matsa da ƙarfi take sauka. Kada ka dogara da kukan mita kaɗai, domin wasu mitocin suna yin kuka ko da om ɗin ya kai talatin.

Akwai wani aiki da ya riga buɗe murfi, kuma shi ne aka fi mantawa. Sautukan da ke cikin waɗannan na'urori a wata ƙwaƙwalwa suke wadda ɗan batir ke riƙe da ita, a DX7 da M1 irin batirin nan ne mai faɗi CR2032. In batirin ya mutu, ko aka cire shi, ko ƙarfenka ya gifta inda bai kamata ba, sautukan sun tafi. A M1 babu wani maɓalli da za ka danna su dawo daga cikinta, sai an sake loda su daga kati ko daga kwamfuta. Na kamfani ana samunsu. Waɗanda mai na'urar ya ƙirƙira da hannunsa cikin shekaru fa, wa zai dawo masa da su? Don haka ka haɗa ta da kwamfuta ta wayar MIDI ka kwashe komai ka adana. Wannan hanya ta MIDI tun 1983 take, Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits da Ikutaro Kakehashi na Roland suna cikin waɗanda suka tsaya a kanta, kuma har yau kwamfutar zamani tana magana da na'urar wancan lokaci ta cikinta. Juno-106 tana ma iya fitar da sautukanta a matsayin ƙara ta bakin da aka yi domin kaset, ka naɗa. In maɓallin da ake buƙata domin kwashewar yana cikin matattun, to ka gaya wa mai ita a fili, tun kafin ka taɓa sukuru ɗaya, cewa akwai yiwuwar a rasa sautukan. Ya amince da bakinsa tukuna.

Sai batun wuta. Juya bayanta ka karanta abin da aka rubuta kusa da igiyar wuta. Wadda aka yi domin kasuwar Japan wutar 100 take sha, ta Amurka 117 ko 120, mu kuwa tamu 230 ce. Soka irin wannan a bango kai tsaye ƙona taransifoma ne, sai da na'urar rage wuta. Kuma in za ka buɗe, zare igiyar daga bango gaba ɗaya, kashewa kaɗai bai isa ba, ka ba manyan kafasitoci lokaci su sauke abin da suka riƙe. A lokacin hunturu kuma, sa'ad da iska ta bushe har riga take yin tartsatsi in an tuɓe ta, wutar da ke taruwa a jikinka ta isa ta kashe ai-si ba tare da ka ji komai ba. Ka riƙa taɓa ƙarfen jikin na'urar kafin ka taɓa allo, ka riƙe allo ta gefe, kada ka shimfiɗa shi a kan leda ko dardumar roba.

Buɗewar ita ce rabin wahalar, domin allon maɓallai shi ne na ƙarshe da ake isa gare shi. A na'ura irin M1 sai an kife ta a kan bargo, an cire murfin ƙasa, an ɗaga abin da ke sama-sama ɗaya bayan ɗaya. Ga waya a aljihunka, ɗauki hoto kafin kowane mataki. Sukurori ba tsawonsu ɗaya ba, kuma dogo in ya shiga ramin gajere yana iya huda allo ko ya ɓullo ta fuskar na'urar. Ka samu kwali, ka zana siffar na'urar a kai, ka riƙa soka kowane sukuru a gurbinsa. Bakin waya kuma a jikin robarsa ake kamawa a girgiza a hankali, ba a jan wayar. Robobin maɓallan da kansu sun bushe da shekaru, 'yan kunnuwan da ke riƙe su suna karyewa da ƙaramin motsi. In sun fito, ka jera su a tire yadda suke a fuska, ka wanke su da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, ka shanya a inuwa. Fetur da tina suna cin roba, suna kuma goge rubutu.

Tunda kana ciki, kai ido ga batir. Korg Polysix ta 1981 ta yi suna da wannan: batirinta mai caji yana tsiyaya ya ci hanyoyin tagullar da ke kewaye da shi. In ka ga kore-kore ko farin gari kusa da batir a kowace na'ura, wannan ya fi maɓallan gaggawa.

Yanzu zaɓen sabon makunni, inda da yawa suke tuntuɓe. Duk kamarsu ɗaya a ido, amma ba ɗaya ba ne. Cire guda ɗaya ka auna. Jikin galibi 6 da 6 ne, amma tsayinsa daga allo zuwa kan sanda ya bambanta: akwai milimita 4.3, akwai 5, akwai 7, akwai 9.5 da sauransu. Ka sa gajere, robar sama ba za ta kai gare shi ba. Ka sa dogo, da ka ɗaure sukurori zai zauna a danne, na'urar ta tashi a rikice ko ta ƙi sauraron sauran maɓallan. Rabin milimita ma yana da tasiri. Akwai kuma nauyin dannawa, ana rubuta shi da giram: 100, 160, 260. Mai 260 yana da tauri, yatsan da ke gyara sauti na awa biyu zai gaji da shi, kuma yana sa mutum ya riƙa matsa tsohuwar roba da ƙarfin da ba ta buƙata. Ni na fi son na tsakiya in ban samu ainihin irin na asali ba. Sannan ƙafafu: wasu biyu gare su, wasu huɗu. Mai huɗu, bibbiyu a haɗe suke ta cikinsa, kuma masu zana allo sukan yi amfani da wannan haɗin a matsayin gada, wuta ta bi ta cikin makunni ta wuce zuwa na gaba. Ka sa mai ƙafa biyu a ramin mai huɗu, ka yanke layin da hannunka. Shawarata ita ce ka nemi na kamfanin da aka sani, ko da za a jira a kawo daga nesa. Waɗanda ake sayarwa a ƙulle a leda babu suna suna aiki ranar farko, amma ba da su za ka so sake kwance na'urar nan bayan wata shida ba.

Za a tambaye ka, a canja matattun kawai ko duka? Ra'ayina, in ka riga ka kai ga allon kuma kana da isassun makunnai masu kyau, canja duk na wannan allon. Shekarunsu ɗaya, iska ɗaya suka sha, na kusa da mataccen ma yana hanya. Kowace buɗewa kuma tana ci wa tsofaffin wayoyi da robobi wani abu. Inda zan ja baya shi ne in na ga allon ya riga ya sha wuya a hannun wani, tagullarsa tana ɗagawa. A nan sai in taɓa abin da ya zama dole kawai.

Cirewar ita ce wurin da ake gane hannu. Yawancin allunan maɓallai na wancan zamani masu fuska ɗaya ne, ruwan ƙasa, tagullar a manne take da gam a bayansu, zafi kuwa yana sakin gam. Dalmar da aka yi aiki da ita mai gubar nan ce ta da, wadda ke narkewa wajen digiri 183 zuwa 190. Ƙarfen da ake iya saita zafinsa, a 320 zuwa 350, ya wadatar. In irin na soka-a-bango gare ka, nemi mai wat 25 ko 30, ka ajiye mai wat 60 domin manyan wayoyi. Ga hanyar da na fi amincewa da ita. Tunda makunnin matacce ne, ba ka da buƙatar ceto shi. Sa ƙaramar kata mai kaifi ka datse ƙafafunsa ta sama, jikin ya fita, ya rage guntayen ƙafafu a ramuka. Ka kula katar ta yanke, kada ta murɗa. Juya allon, ɗiga sabuwar dalma kaɗan a kan tsohuwar. Da farko abin zai yi maka kamar koma-baya, amma tsohuwar dalma ta bushe, ba ta karɓar zafi da kyau, sabuwar ce ke kai mata shi. Da ta narke, zare guntun ƙafar da hantsaki, ka tsotse ramin da famfon tsotsar dalma ko saƙaƙƙiyar igiyar tagulla. Daƙiƙa biyu zuwa uku a kowane rami. In bai fita ba, ɗaga ƙarfen, wuce zuwa wani ramin, ka dawo bayan ya huce. Kada ka taɓa sa sukudireba a ƙarƙashin makunni kana ɓamɓara alhali dalma ba ta gama narkewa ba. Ƙarar da za ka ji a lokacin, zoben tagulla ne ya rabu da allo.

Sa sabon kuwa, tura shi har cikinsa ya kwanta a allo sosai, babu rata ko ta kaurin takarda. Liƙa ƙafa ɗaya, juya ka duba ta gefe. In ya karkata, narkar da wannan ƙafar ka danna shi da yatsa ya zauna, sannan ka liƙa sauran. Kyakkyawan liƙi yana sheƙi, yana hawa ƙafar a gangare, ba dunƙule ba. Kada ka lanƙwasa 'yan fitilun da ke kusa, domin kowace da raminta a fuska. In ka gama, goge bayan allon da sipirit mai tsabta da tsohon buroshin haƙori, ka bi kowane makunni da mita tun allon yana hannunka. Ka wanke hannu kafin ka ci abinci, gubar dalma ba abin wasa ba ce, ka kuma yi aikin inda iska ke wucewa.

In ƙaddara ta sa zoben tagulla ya ɗaga, ba ƙarshen allon ba ke nan. Bi hanyar da ido har inda ta kai ga wata ƙafa, ka ja siririyar waya mai riga daga ƙafar makunnin zuwa can. Ka tuna da gadar nan ta cikin makunni, ka auna ɓangarorin biyu.

Akwai wata ɗabi'a da ke ci mini rai, kuma na sha ganinta. A kawo fiyano, mai gyara ko murfi bai buɗe ba, ya ɗauko gwangwanin feshi, wani lokaci ma irin man da ake fesa wa tsatsar ƙarfe, ya cika ramukan maɓallan, ya danna sau ashirin, su amsa, ya karɓi kuɗi. Mai ita ya tafi yana godiya. Man nan bai kankare baƙin azurfar ba, jiƙa shi kawai ya yi. Bayan 'yan makonni ƙurarmu ta bi man ta zama taɓo a cikin makunni, ragowar ya gangara kan allo da bayan gilashi. Wanda zai gyara bayan nan aikinsa ya ninku. Ruwan wanke makunni na gaskiya yana da wurinsa, yana iya fitar da mawaƙi kunya a daren biki. Amma ka faɗa masa cewa na wucin gadi ne, kada ka sayar masa da shi a matsayin gyara.

Ba kowace fiyano ce ke da irin wannan makunnin ba. Da yawa daga cikin jerin PSR shimfiɗar roba ce a ƙarƙashin maɓallan, kowane da ɗigon baƙin gawayi da ke sauka a kan zanen allo, tsarin da ke cikin rimot ɗin talabijin. Waɗannan ba sa son dalma ko kaɗan. Auduga da sipirit, a goge ɗigon da zanen allon a hankali, a bari su bushe. Kada a kankare da reza ko samfefa, baƙin nan siriri ne, in ya tafi ya tafi. Akwai kuma masu fuskar leda shafaffiya. A wasu, ledar rufi ce kawai, makunnan ƙarfe suna ƙarƙashinta. A wasu kuwa, irin Moog Source ta 1981, ledar ce makunnin kanta, hawa-hawa ce da zanen azurfa a tsakani, ƙarfen dalma yana taɓa ta za ta narke. Irin wannan sai dai a nemo sabuwar fuska gaba ɗaya daga masu buga su. Kada ka yanke hukunci daga waje, nemi littafin gyara na kamfanin, yawancinsu suna nan a intanet kyauta, da zanen kowane allo da lambar kowane ƙarfe.

Ku kuma masu kiɗa, rabin ciwon daga wajenku yake. Maɓalli in ya fara gardama, ƙarfi ba ya gyara shi, sai dai ya fasa robar da ba a samu. Ku kai shi tun yana amsawa a dannawa ta biyu. Ku rufe na'ura da ƙyalle in an tashi aiki, ku raba ta da kofin shayi da ledar ruwa, kada a bar ta a bayan mota cikin rana.

Idan aiki ya kammala, ƙanena, kada ka ɗaure sukurori duka sai ka kunna ka bi takardar nan ta farko, maɓalli bayan maɓalli, da lallausan yatsa. Ka loda sautukan mai ita, ka tabbatar suna gurbinsu. Tsofaffin makunnan ka zuba su a 'yar leda ka miƙa masa, ya ga abin da aka cire da adadinsu. Faɗa masa kuɗin kaya daban, ladan hannu daban, kuma kada ka ji kunyar ladan, domin yinin da ka kashe kana kwancewa da mayarwa shi ne aikin. Abin da ba ya halatta shi ne ka canja makunni ka ce ai-si ka canja. In ka ja waya a inda tagulla ta ɗaga, faɗa masa, ka kuma manna 'yar takarda a cikin murfi mai ɗauke da kwanan wata da abin da aka yi da girman makunnin da aka sa, domin wanda zai buɗe bayanka. In kuwa hannunka bai gama faɗawa ba, aka kawo maka abu irin Roland TR-808, wadda kusan 12,000 kawai aka ƙera daga 1980, ka ce wa mai ita ya ba ka lokaci, ko ka raka shi wurin maigidanka. Ka nemo matattun rediyo da tsofaffin na'urorin bidiyo, cike suke da irin waɗannan makunnai a kan irin wannan allo, ka yi ta cirewa kana mayarwa har sai ka iya fitar da ashirin a jere ba tare da zobe ɗaya ya ɗaga ba, sannan ka karɓi ta mutane.